Randar da Ta Tafasa Babu Wuta

Jikana ne ya tono mini wannan tunanin, shi da bai san ya tono ba. Ya zo hutu daga makarantar aikin gona da yake yi, ya shigo mini da inabi a cikin ’yar roba mai murfi, an manna mata takarda da sunan wata ƙasa da bakina ba zai iya faɗa ba. Ina ci yana zuba mini labari, don yaron bakinsa ba ya hutawa, na kakansa ya ɗauko. Ya ce a ƙasashen da inabi yake kamar dawa a wurinmu, akwai yankunan da ba a san su da komai ba sai jar giyar da ake yi da inabinsu. Sunan yankin ake rubutawa a jikin kwalba, kuma doka ce take tsare sunan. Ita take faɗin iyakar gonakin da suka isa su amsa shi, ita take faɗin irin inabin da za a zuba, wane iri ne babba, wane ne ake ɗan surkawa da shi. Wanda gonarsa ta faɗa bayan iyaka, ko da taki kaɗan ne, ba shi da ikon taɓa sunan. Yana faɗa yana dariya, wai in dubi yadda mutane suke gadin suna. Ni kuwa sai na ajiye robar. Mu ma mun yi gadin suna a kan inabi, sai dai su suna gadi don sunan ya hau kwalba, mu kuwa namu gadin don kada ya hau ne.

Ƙauyenmu can yake cikin ƙasar Malumfashi, sai ka bar titi ka yi ta gangarawa har ka ji iska ta canza ta yi sanyi. Kwarin Liman ake ce masa, saboda limanci a gidanmu yake tun kakan kakana, kuma kwarin da rafi ya ratsa yana bayan gidanmu. Abin da na fi tunawa da shi ƙara ce. Da sassafe muryar Baba tana fitowa daga zaure yana tilawa, sai taɓarya ta amsa daga gidan maƙwabta, sai wata ta amsa mata daga can ƙarshen gari. In hantsi ya yi, kukan jigo ne yake tasowa daga kwari, wannan doguwar sandar da ake ɗaga ruwa da ita daga rafi, tana kuka kamar tsohuwar ƙofa. Mun san tsoro a lokacin, ba zan yi ƙarya ba. Muna tsoron kura, muna tsoron gindin tsamiya da tsakar rana, muna tsoron abin da za a faɗa a kanmu a bakin rijiya. Amma in muka ji ƙarar babur, gudu muke mu je mu gani, don malamin gona ne ko mai allura. Yanzu in yaran ƙauye suka ji babur fiye da ɗaya, ba wanda yake tsayawa ya ɗauki takalmi.

Ƙanen Baba ne ya kawo inabin. Yana aikin lambu a wata gonar gwamnati wajen Zariya, ya zo gida da wasu busassun sanduna a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Mutane sun yi dariya son ransu, wai Liman ya koma shuka itacen girki. Mu kalmar inabi a tafsirin azumi kaɗai muka san ta, cikin ’ya’yan itatuwan Aljanna, ba mu taɓa zaton abu ne da gara za ta iya ci ba. Shekarar da ya fara ’ya’ya, dattawa suka gangara kwari suka tsaya ƙarƙashin rumfar da Baba ya kafa masa, suna ɗaga kai suna salati. Akwai wata tsohuwa da aka miƙa wa ta ƙi karɓa, ta ce ita za ta jira nata a can, kada a rage mata.

Iri uku ne, kuma da yake ba mu san sunayensu na asali ba, mu muka raɗa musu. Akwai fari mai zaƙi wanda ake ganin ƙwallonsa in an ɗaga shi a rana, shi muke ce wa ɗan Madina. Akwai ja mai manyan ’ya’ya, idon saniya, shi dillalai suka fi so don yana jure hanya. Na ukun baƙi ne, ’ya’yansa ƙanana a cunkushe, ɓawonsa da kauri, in ka tauna sai bakinka ya ɗaure, harshenka ya rine. Ɗinyar Bature muke ce masa. Ba mai sayensa, amma ya fi sauran ƙarfin rai, kuma Baba ba ya iya sare abin da yake ba da ’ya’ya. Aikin inabi ba ya ƙarewa. Bayan damina Baba yakan bi shi da wuƙa ya datse rassa ya zage ganye tas, aikin da yake kira aski, har sai ka rantse ya mutu, sannan ya tofo. In ya fara nuna, aikina ne in bi kowane curi in naɗe shi da tsumma saboda tsuntsaye da jemagu. Na yi ta ƙunƙuni a kan wannan aikin, don ƙawayena suna dandali ni ina ɗaura wa itace zane.

Kafin in zama budurwa sunan ya riga ya tafi. A kasuwar Bakori har ta Funtuwa, in an ce inabin Kwarin Liman, ba a tayawa da wulaƙanci. Wasu sun karɓi sanduna a hannun Baba sun kai garuruwansu, ya kama, amma bai yi zaƙin namu ba, ko ƙasar ce ko ruwan rafin ne, Allah masani. Sai su kai kasuwa su ce na Kwarin Liman ne. In labari ya zo wa Baba ba ya faɗa. Yakan ce mana sunan nan ba na gidanmu ba ne mu kaɗai, duk wanda aka haifa a garin da shi zai je neman aure, da shi zai sauka baƙunta. Kuma mun san abin da yake nufi, don a ƙasarmu suna ba ya neman izini kafin ya manne. Akwai wata unguwa kusa da mu da aka taɓa kama ɓarawon jaki sau ɗaya, tun kafin a haifi Baba, har na yi wayo da jakin ake kiran su, ’yan matansu kuwa in an tambaye su garinsu sai su faɗi na kusa.

Shekarar da abin ya faru, baƙin ya yi ’ya’ya kamar zai karya rumfa. Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai. Muka ci, muka ba yara, muka aika wa maƙwabta har suka fara maido ƙwarya da sannu da ƙoƙari. Inna, mahaifiyata, mace ce da ba ta iya ganin abinci yana lalacewa, ko ƙanzo ba ya kwana a banza a gidanta. Ta tsaya ta dube shi ta ce ai wannan ɗinya ce da ta yi karatu, abin da ake yi da ɗinya shi za a yi da shi. Maɗi take nufi. Kowa ya san yadda ake yi: a jiƙa ɗinya a murje ta, a tace, a ɗora ruwan a wuta a yi ta dafawa har ya yi kauri ya yi zaƙi. Ni da ita muka zauna muka murje inabin da hannu a cikin manyan ƙore, hannuwanmu suka rine har gwiwar hannu, muka juye shi da ɓawon da ƙwallon duka a cikin wata randa a ɗakin girki, muka rufe da faifai. Niyyarmu gobe a tace a dafa.

Ba a kai goben ba. Da yamma ɗan aike ya zo daga garin Ƙarfi cewa yayan Inna ya rasu. Ita da Baba suka kama hanya a gigice, aka bar ni da ƙannena da gida. Har ta kai zaure ta juyo ta ce kada in taɓa randar nan sai ta dawo, dahuwar maɗi ba ta yara ba ce, kuma ɗinya takan kwana a ruwa ba ta ce komai ba. Na ce to. Na mance da ita ma, don ruwa nake ɗiba a wata randar.

Ranar da ake addu’ar uku a can, ina shara da hantsi na ji kamar ana raɗa a ɗakin girki. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Ƙannena sun tafi kwari, gidan babu kowa sai kaji. Na leƙa, ba mutum, amma raɗar tana nan, siririya, ba ta yankewa. Daga randar take fitowa. Faifan da muka rufe da shi ya ɗago ya karkace, ɓawon ya taso ya cika baki ya yi tudu, jar kumfa tana tsattsafowa ta gefe tana bin jikin randar. Na kai hannu na taɓa, na ji ta da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Na dubi murhu, toka ce mai sanyi, kuma randar ko kusa da shi ba ta. Tafasa take yi, babu wuta.

Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakar gida ba. Na zauna a ƙasa. Abin da ya zo mini shi ne mun taɓa abin da bai kamata mu taɓa ba. Ɗan itacen Aljanna ne muka murje da hannu kamar ɗinya, ga shi masu shi sun zo. Na karanta duk abin da Baba ya koya mini, na koma farko na sake, ina tofawa wajen ƙofar, raɗar ba ta fasa ba. Na yi tunanin in ruga in kira ladan, na yi tunanin in kwashe ƙannena mu bar gidan. Ina nan zaune a rana, na kasa shiga inuwar ɗakin, sai na ji sallama.

Iya Tarana ce, ƙawar Inna, daga unguwar Maguzawa ta tsallaken rafi. Ita take kawo mana daddawa, Inna kuma takan ba ta gishiri da kanwa, kuma tun suna ’yan mata suke tare ko da yake ba addininsu ɗaya ba. Ta zo yin gaisuwar rasuwa ne, ba ta san Inna ba ta dawo ba. Tana fitowa daga zaure ta tsaya cik, ta ɗaga hanci. Ta dube ni, ta dubi ɗakin girki, ta rage murya.

“Ɗiyar Liman, wa ke dafa giya gidanga?”

Na ce mata aljanu ne. Ta ajiye ƙwaryarta ta shiga kai tsaye, ta ɗage faifan, ta tsoma yatsa ta kai baki. Dariya ta fara tahowa mata, sai ta dubi fuskata, dariyar ta koma. Ta ce babu aljani ko ɗaya a nan. Ta ce su tasu ta dawa sai sun jiƙa, sun bar ta ta tsiro, sun niƙa, sun dafa sun sake dafawa kafin ta zama abin da take zama, amma wannan ɗan itacen da giyarsa a jikinsa yake zuwa duniya, murza shi kawai ka ba shi wuri.

Da aljanun ne da na fi samun sauƙi. Aljani ana yi masa karatu ya tafi, kuma ba wanda zai zargi gidan da aljani ya shiga. Amma giya a ɗakin girkin Liman, a bayan bangon masallaci, wannan ba karatun da zai kore ta. Nan take na ji yadda za a faɗe shi a bakin rijiya, na ji yadda zai hau motar kasuwa ya sauka a Bakori. Giyar Kwarin Liman. Kalmomin ma sun zauna da juna daram, irin zaman da ba ya tashi. Na ga Baba yana tsaye gaban sahu babu kowa a bayansa. Na kama zanen Iya Tarana na ce ta rufa mana asiri.

Muka shiga neman yadda za mu yi, kowace dabara da ramin da ke gabanta. In mun zubar a magudanar gida, ta gefen masallaci take fita, daidai inda maza suke alwala, ga ja ga wari. Ta ce za ta ɗura a tulu ta ɗauka ta tsallaka rafi da ita, sai ita da kanta ta girgiza kai, don in aka ga Bamagujiya ta fito daga gidan Liman da tulun giya a ka, an gama magana. Muka tsaya a kan mu haƙa rami a bayan ɗaki mu binne. Ta kwashe ɓawon da ya taso ta tara a ƙwarya don randar ta yi sauƙin ɗauka, muka ɗauki fartanya muka zagaya. Ƙasar bazara kuwa kamar dutse. Muna sara muna gumi har rana ta karkata, ba wadda ta tuna ba mu ja ƙyauren ɗakin girki ba.

Inna tana da wata farar akuya mai kwaɗayin tsiya, wadda ta saba duk abin da aka tara a ƙwarya a ƙasa nata ne. Da muka dawo ɗaukar randa, ƙwaryar ɓawon tana kife, an lashe ta. Na ɗaga ido na hango bindin akuyar yana shigewa zaure. Na bi ta da gudu, amma ina isa ƙofar waje na tsaya, don maza sun taru a gindin bangon masallaci suna jiran la’asar. Ta fita tsakiyarsu, bakinta da gemunta jajir, tana tafiya a karkace. Ta yi taku kaɗan ta durƙusa, ta tashi ta yi wani kuka da ban taɓa jin akuya ta yi ba, ta je ta jingina da bangon masallaci. Aka fashe da dariya. Wani ya ce mayu sun kama ta, wani ya ce ta ci ganyen da bai kamata ba. Sai wani mutum da ya daɗe yana aikin mota a Funtuwa ya matsa ya kama ƙahonta, ya sunkuya ya shinshina. Ya sake ta a hankali, ya miƙe, ya goge hannunsa a riga. Ya dubi ƙofar gidanmu. Dariyar ta mutu ɗaya bayan ɗaya. A daidai wannan lokacin keken Baba ya shawo kwana.

Ya amsa gaisuwar ta’aziyya a tsaye, ya dubi akuyar, ya dubi fuskokin mutane, ya jingine keke ya shigo. Ni na riga na koma ciki na tsaya a bakin ɗakin girki kamar zan iya tare warin da jikina. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, ko yana fushi.

“Uwata, mene ne wannan?”

Na faɗa masa duka, tun daga maɗin. Bai ɗaga murya ba, ban kuwa taɓa ganin fuskarsa haka ba, ta yi fari kamar an shafa mata toka. Ya shiga ya tsaya a kan randar ya daɗe yana sauraren raɗarta. Ya tambaya ko wani ya sha, na ce akuya kaɗai. Iya Tarana ta durƙusa ta ce ita ta ɗanɗana da yatsa, kuma ta rantse har ta mutu bakinta ba zai faɗa ba, ga rami an kusa gamawa. Baba ya yi mata godiya, ya ce ai akuya ta riga ta faɗa. Ya ce abin da aka binne a bayan ɗaki yau, shi za a yi ta tonowa a bakin rijiya har jikokinmu. Ya naɗe hannun rigarsa ya ce in kama gefe ɗaya.

Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wadda na yi daga ɗakin girki zuwa ƙofar gida ba. Randar tana da nauyi, tana da ɗumi, jan ruwan yana fantsalowa a kan farar rigarsa. Ina jin numfashinsa sama-sama, a nan na gane shi ma tsoron yake ji. Muka dire ta a fili, nesa da bangon masallaci. Ya miƙe ya faɗa musu abin da ya faru, bai rage ba bai ƙara ba, ya ce iyalinsa sun ɗauki inabi ɗinya, shi kuma da ya shuka shi bai san halinsa ba. Ya ce duk mai so ya matso ya gani da idonsa. Iya Tarana, da ta biyo mu ta tsaya daga gefe, ta ce, “Aradu babu hannun mai dahuwa cikin wagga. Ita ta yi kanta.” Baba ya sa aka kawo taɓarya ya daki randar. Ta rabe, jan ruwan ya malala a ƙasa yana kumfa, warin ya tashi ya cika wurin, mutane suka ja da baya suna toshe hanci.

Ya shiga gida ya wanke jikinsa ya sake riga. Da ya fito bai nufi gaba ba, ya tsaya a bakin ƙofar masallaci.

“Jama’a, abin nan a gidana aka same shi. Ku sa wani ya ja ku salla har zuciyarku ta kwanta.”

Ina laɓe a zaure ina leƙe ta tsagar ƙyaure. Ba wanda ya motsa. Wasu suna kallon ƙasa, wasu suna kallon jan tabon da ƙudaje suka fara taruwa a kai. Na san in mutum ɗaya ya taka ya wuce gaba, shi ke nan, limancin ya bar gidanmu, sunan kuma ya tafi da abin da zai tafi da shi. Sai ladan, wani tsoho da idonsa ya fara yana, ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce, “Liman, inuwa ta yi tsawo.” Ya juya ya shiga ya tayar da iƙama. Mutane suka bi shi suka daidaita sahu, suka bar wurin gaba a buɗe. Da na ji kabbarar Baba, a nan zauren na zauna na yi kukan da na riƙe tun hantsi.

Washegari ya gangara kwari da gatari ya sare baƙin inabin daga gindi, shi da ba ya iya sare abin da yake ’ya’ya. Inna da ta dawo ta ji, kwana ta yi ba ta ci abinci ba, daga baya kuma ta sayar da akuyar. An yi zancen, ba za a ƙi yi ba. Na ɗan daɗe in na bi masu kai kaya Bakori ina jiran in ji wani ya faɗi kalmomin nan. Sau ɗaya wani dillali ya tambaye ni wanne ne mai sa akuya rawa, na ce an sare, ya ce ai ya ji, Liman da kansa ya fasa randa a gaban jama’a. Labarin da ya tafi ke nan, na fasa randa. Sunan ya tsira. Amma baƙin bai mutu ba. Duk damina sai ya tofo daga saiwa, Baba ya sare, ya sake tofowa. Har ya tsufa yana wannan saran, bayansa ƙannena suka gada.

Yanzu ba mai sarewa. Shekarun nan da masu bindiga suka sa ƙauyuka a gaba, kwarin ne ya fara fita daga hannunmu, don yana da duhuwa kuma hanyar daji ta nan take ɓullowa. Aka daina ban ruwa da yamma, aka koma sai a tafi a ƙungiya, daga baya aka daina zuwa. Da aka fara ɗaukar mutane daga cikin gari, muka kwaso abin da za mu iya muka dawo Malumfashi, ɗaki ɗaya a gidan ɗana. Ina kwana lafiya a nan, alhamdu lillahi, amma ko Keke Napep ne ya yi ƙara da ƙarfi a lungu sai na tashi na leƙa ƙofa.

Na ba jikana wannan labarin ranar da ya kawo inabin robar, na kuwa yi da na sani. Bayan ’yan kwanaki ya ɓace tun safe, ashe ya bi masu zuwa ƙauyenmu duba gidaje. Wunin nan ina bakin ƙofa da carbi har ya dawo. Da na gama yi masa faɗa, sai na tambaye shi kwarin. Ya ce rumfunan sun zube, ɗan Madina da idon saniya sun bushe tun tuni, don ba sa rayuwa babu ruwa babu aski. Baƙin kaɗai ya rage. Ya haye wani mangwaro ya lulluɓe shi, ’ya’yan sun nuna suna zuba ƙasa suna ruɓewa, tun daga nesa ake jin warin. Na tambaye shi ko ya tsinko. Ya ce bai ƙarasa ba, don ya ga sawun babura a gindin, sabo.

Jiya na je asibiti awon jini. A bakin ƙofa akwai wani yaro mai sayar da kayan marmari a baro, da inabi ja a cikin roba. Bakina ya ƙi yin shiru, na ce masa wannan ai idon saniya ne, kuma an tsinke shi bai gama nuna ba. Ya yi dariya ya ce lalle Hajiya ta san inabi, ’yar wane gari ce? Akwai mutane a tsaye suna saye. Na san yadda ake yi yanzu in an ji sunan garinmu. Wasu su ce Allah sarki, wasu su ɗan matsa gefe, don an ce a irin garuruwan nan ba ka san wanda yake kai wa masu bindiga labari ba. Sunan yana kan harshena, sunan da na kama gefen randa saboda shi. Na gyara mayafina.

Na ce masa, “Nan kusa.”